Bindigar Araha ta Sarkin Baka

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro ta ƙasar Amurka, ko da na wata guda ne, ya san Iliyasu, domin ko bai gan shi ba ya ji muryarsa. Direban babbar mota ne a wani kamfanin kujeru da gadaje, amma in ka zauna da shi ɗan lokaci sai ka rantse shi ya zana garin. Ya san maganin ciwon baya, ya san dalilin tashin dala, ya san abin da ya kamata a gaya wa kocin kowace ƙungiyar ƙwallo. Abu ɗaya ne Allah bai sanar da shi ba, shi ne yin shiru.

Shekarar da suka sayi gida a Pleasant Garden, matarsa Bebi ta ga fili a bayan gida ya miƙe har bakin itatuwa, ta ce ita ta gama da busasshiyar kuɓewar da ake kawowa daga gida a ƙasan jaka. Ta shuka yakuwa, ta shuka kuɓewa da rama da attaruhu, kullum safiya tana fita tana duba su kamar jarirai. Ana cikin haka bareyi suka gano wurin. Suka fara da kuɓewa, suka koma kan yakuwa. Attaruhun kaɗai suka bari, shi ma sai da suka tattake shi.

Ranar wani suna a gidan Alhaji Ma'aruf, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta garin, Bebi tana ba mata labarin ɓarnar, muryarta ta kai falon maza. Iliyasu ya ajiye cokali.

"Barewa? Ai ni ne na ɗaga musu ƙafa. Kun san jikan wa nake kuwa? Kakana shi ne Sarkin Baka na garinmu. Yana tsaye a wannan gaɓar kogi yake harbin ɓauna a waccan gaɓar, har ya zaɓi idon da zai samu."

Sylvanus, wani ma'aikacin jinya mutumin Kagoro, wanda shi da Iliyasu ba sa rabuwa kuma ba sa shiri, ya ɗago kai daga farantinsa.

"Mutumina, wancan karon ai cewa ka yi kakanka sarkin fawa ne."

"Wannan na wajen uwa ne."

"Na wajen uwar ba shi ne limamin ba?"

"Sylvanus, kai ka haife ni? Bar ni in yi magana."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta hau wa Iliyasu kai. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ce kowa ya shaida: taron shekara na ƙungiya da za a yi a ƙarshen Nuwamba, kada wanda ya sayi rago. Naman barewa za a ci, tsire da farfesu, har a yi guzurin kilishi.

Anti Dinatu, wadda ke riƙe da girkin taron tun kafa ƙungiyar, ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Iliyasu, ni ba na wasa da cikin mutane. Na riga na yi magana da manomin nan na McLeansville ya ajiye mana raguna. In ce ya sayar?"

"Ya sayar, Anti."

"Mutum fiye da ɗari fa."

"Ko dubu ne. Barewa ta ƙare a North Carolina ne?"

A nan gabansu ta kira manomin ta ce ya sayar.

A mota, da suka hau babban titi, Bebi ta ce, "Baban Afnan, kai da ko kaza sai ka kai wa Alhaji Ma'aruf ya yanka maka?"

"Yanka daban, harbi daban. Yanka sai ka matso, dabba tana kallon ƙwayar idonka. Ni harbin nesa zan yi, na manya. Daga yadi dubu, barewa ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba."

Daga ranar wayarsa ba ta ƙara hutawa ba. Yana cin tuwo yana kallon Turawa masu gemu suna bayanin bindigogin harbin nesa. Abin da ya fahimta shi ne masu kyan suna da tsadar tsiya, shi kuwa babban abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa cin kuɗinsa a ciniki ba. Ya yi alkawarin sai ya samo bindigar da ta fi ta kowa, a kuɗin da ya gaza na kowa.

Wata Asabar ya ja Sylvanus suka tafi shagon bindigogi. Mai jiran shagon wata dattijuwar Baturiya ce, sunanta Celina, da tabarau a rataye a wuya. Iliyasu ya dafa kanta, ya ce yana son bindigar harbin nesa mai inganci, mai sauƙin kuɗi.

"Ka taɓa harbi?" in ji ta.

"Tun ina goye."

Sylvanus ya kama tari.

Celina ta sauko da wata madaidaiciya ta ajiye. "To ga wannan. Ba ta da tsada, harsashinta ana samu a ko'ina kuma da sauƙi, ba ta dukan kafaɗa sosai. Abin da ya rage maka na kuɗi ka sa a madubin hange mai kyau. Mutane da yawa suna kashe komai a bindiga, su manta da madubi, sai su yi ta harbin iska."

Iliyasu ya juya wajen Sylvanus ya koma Hausa. "Ka ji ko? Kwantai ne. Duk abin da mai shago ya fara miƙo maka, shi ne ya ƙi fita. Ni na yi yaron shago a kasuwar Kwari."

"Yaushe? Ba a lokacin kake soja ba?"

Bai kula shi ba, domin idonsa ya faɗa kan wata a can lungu, doguwa, baƙa, bakinta kamar bututun famfo.

"Waccan fa?"

"Waccan ta hannu ce," in ji Celina. "An yi ta ne don manyan namun dajin can arewa, irin masu girman mota. Ta yi wa barewa yawa, kuma dukanta ba kowa ne..."

"Nawa?"

Ta faɗi kuɗin. Ya gaza na madaidaiciyar. Iliyasu ya ɗaga ƙaramar da hannu ɗaya, ya ajiye. Ya ɗaga babbar da hannu biyu, har jijiyar wuyansa ta fito. Fuskarsa ta cika da murna.

"Sylvanus, duba nan. Ƙarfe ya ninka, kuɗi ya ragu. Wannan shi ake kira ciniki."

"Kilo ka zo saya ko bindiga?"

"Kai ka san allura, ni na san ƙarfe."

Duk da haka bai yarda ya biya yadda aka faɗa ba. Ya taya rabi. Celina ta nuna masa takardar farashi da yatsa. Ya ƙara kaɗan. Ta sake nuna takardar. Sai ya yi abin da ya saba: ya girgiza kai, ya ce an yi tsada, ya nufi ƙofa a hankali yana jiran a kira shi. Ya kai ƙofa, shiru. Ya fita, shiru. Ya tsaya a wajen ajiye motoci yana leƙe ta gilashi, ya ga Celina ta juya tana nuna wa wani safar farauta. Da rana ta ishe shi, ya dawo yana lalube aljihu kamar wanda ya yar da makulli, ya biya kuɗin cif.

Aka duba sunansa kamar yadda doka ta ce, ba a same shi da komai ba. Sai aka zo kan harsashi. Celina ta ajiye wani ɗan kwali da bai fi na ashanar kicin girma ba sosai, ta faɗi kuɗinsa.

"Na katan ɗin ke nan?"

"Na wannan ɗan kwalin."

Iliyasu ya yi lissafi da yatsu. Kowane harsashi ɗaya ya kai farantin shinkafa da kaza a gidan abinci.

"Mutumina," in ji Sylvanus, "ka samu motar araha, sai dai turare take sha maimakon fetur."

"Kwali ɗaya ya isa. Mu ba ma harbi biyu."

Da yake harsashi ya lashe abin da ya ware, sai ya tafi kasuwar gwanjo neman madubi. Ya samu ɗaya a cikin kwandon tsofaffin caja da kayan wasa. Mai kayan ya gaya masa gaskiya, na bindigar iska ne, irin wadda ake harbin gwangwani da ita. Iliyasu ya ce madubi dai madubi ne. A tebur na gaba ya ga kayan ɓad-da-kama na mafarauta, riga da wando, an karya musu farashi har ƙasa. Farare ne fat, domin an ɗinka su ne don farauta cikin ƙanƙara. Ya saya. Ya haɗa da hular nan mai ruwan lemo da doka ta ce mafarauci ya sa don kada a ɗauka dabba ne.

Bebi ta tare shi a bakin gareji. Ta ce wannan abu ba zai kwana a gidan da 'yarta Afnan take ba sai a cikin akwatin ƙarfe mai makulli, kuma makullin a hannunta. Ya so ya yi gardama, ya kalli fuskarta, ya fasa. Ya samo akwatin na hannu a wani gidan masu kuɗi da ke tashi a Irving Park, shi ma da araha, shi ma ƙarfe ya ninka. Da suka zo shigar da shi, ya cije a ƙofar da ke tsakanin gareji da kicin, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sylvanus yana turawa daga waje, Iliyasu yana ja daga ciki, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ba ya ƙoƙari. Daga ƙarshe aka bar shi a nan. Bebi ta koma zagayawa ta ƙofar falo da kayan cefane, kowane zagaye da abin da take faɗa.

Tun da makulli yana wajenta, sai ya riƙa atisaye da sandar mofa ta goge ƙasa. Da yamma ya saka fararen kayan da hular, ya kwanta rub da ciki a bayan gida yana jan jiki cikin busassun ganyaye, yana auna itatuwa. Maƙwabcinsu Mista Eli, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya leƙo ta kan shinge ya daɗe yana kallo.

"Kiwon zuma ka fara ne, maƙwabci?"

"Farauta."

"Da tsumman goge ƙasa?"

Kafin ya ba da amsa, karen Mista Eli ya kutso ta ƙarƙashin shinge, ya fizge hular ya yi daji da ita, Sarkin Baka ya bi shi da gudu yana ɗaga mofa. Bebi tana taga tana kallo. Da ya dawo da hular a kansa, yana haki, ta ce, "Fari a ƙasa, wuta a sama. Wallahi kamar kyandir."

Mista Eli ne ya gaya masa cewa ba a farauta sai da lasisi, lasisi kuwa sai an shiga aji. Ya shiga ajin, ya yi ta yi wa malamin gyara da labarin kakansa, ya faɗi jarrabawa, ya sake zama, ya haye da ƙyar.

Lokacin farautar barewa ya buɗe, taro ya matso, ba a ga ko kofato ba. Anti Dinatu ta fara tambaya a zauren ƙungiya na waya. Sylvanus ya rubuta cewa shi fa har yau bai ji ƙarar bindigar nan ba, ko dai ado ce? Gaskiyar magana, Iliyasu bai taɓa harba ta ba. Duk lokacin da ya tuna kuɗin harsashi sai ya ji tausayin kansa, in kuma ya tuna faɗin bakinta sai ya ce a bari sai gobe. Amma da ya ga an jera masa fuskokin dariya a ƙasan saƙon Sylvanus, sai ya danna ya yi saƙon murya mai tsawo: duk mai shakka ya zo filin koyon harbi da ke bayan gari ranar Asabar, ya ga aiki da idonsa. A zo da mata, a zo da abin sha, domin kallo ne.

Aka kuwa zo. Motoci suka cika wurin. Alhaji Ma'aruf ya zo da babbar riga, matarsa Hajiya Mubina ta zo da kujerar naɗewa, Anti Dinatu ta zo da ƙatuwar shuɗiyar kula cike da zoɓo mai sanyi ta ɗora a kan benci. Turawan da ke harbinsu suka riƙa waiwaye, ba su taɓa ganin an zo wurin da ɗauri da gyale ba. Iliyasu ya fito daga mota cikin fararen kayansa, yana rungume da jakar bindiga, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Hajiya Mubina, don Allah ki ɗauka a waya tun daga farko. Ki tura gida kai tsaye, 'yan'uwa su gani."

Mai kula da filin, wani ƙato mai jar riga, ya raba wa 'yan kallo abin toshe kunne, ya nuna musu layin da ba a tsallakewa. Sannan ya tambayi Iliyasu nisan da yake so.

"Yadi dubu."

"Sabon zuwa daga ɗari yake farawa. Dokar wurin ce."

Iliyasu ya juya wajen jama'a. "Kun ji? Suna tsoron in kunyata 'yan gari."

Aka kafa masa takardar auna harbi. Ya zauna a kan ɗan kujera, ya ɗora bindiga a tebur, ya leƙa madubi. Ya daɗe yana leƙe. Takardar ta koma kamar kan ƙuda.

"Jama'a, ku shaida, sun ce ɗari, amma wannan ya fi dubu. Makirci ne."

Mai jar riga ya sunkuyo ya duba. "Ka ɗaura madubin a juye."

"Haka muke yi a gidanmu," in ji Iliyasu, "don kada abin ya yi sauƙi."

"Kakan wajen uwa ko na wajen uba?" Sylvanus ya ɗaga murya daga bayan layi.

Aka kwance madubin aka juya shi. Yanzu kam takarda ta fito. Iliyasu ya gyara zama. Da ma tun a mota ya cusa auduga a kunnuwansa saboda tsoron ƙara, yanzu ya ɗora abin toshe kunne a kai, duniya ta yi masa tsit. Mai jar riga ya tsaya a kansa yana bayani: ya manna gindin bindigar a kafaɗa sosai, ya ja idonsa baya daga madubi, kada ya kusanta. Iliyasu yana ganin baki yana motsi, ya ɗauka yabo ne, ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Da mutumin ya ja da baya, sai ya saki kafaɗa don kada ta ji ciwo, ya manna idonsa a jikin madubi kamar mai leƙen ramin makulli. Ya yi bisimilla. Ya runtse ido biyu. Ya ja.

Ƙarar ta sa tsuntsayen dajin suka tashi gaba ɗaya. Motar wani ta kama kuka. Bindigar ta zabura baya, madubi ya nausa Iliyasu a gira, kujera ta kife, ya tashi yana tangaɗi da baya da baya, ya tsallake layi, ya faɗa kan bencin Anti Dinatu. Kula ta yi sama, murfinta ya yi gefe, zoɓo ya sauko masa tun daga hula har takalmi.

Ga Iliyasu a miƙe a ƙasa, fararen kaya sun rine jajur.

Bebi ce ta fara ƙwalla ƙara. "Ya kashe kansa! Wayyo Allah, Baban Afnan!" Ta yar da jaka ta zube a kansa tana jijjiga shi, hawaye na zuba. Mata suka ɗauki salati. Alhaji Ma'aruf ya dafe kai yana innalillahi. Mai jar riga ya daka tsawa kowa ya ajiye bindiga, ya ruga ya cire abin da ya rage a cikin ta Iliyasu. Sylvanus kuwa wasa ya bar fuskarsa, ya ture mutane, ya durƙusa, ya yage farar rigar yana neman rauni. Ya duba ƙirji, babu. Ya duba ciki, babu. Ya tsaya. Ya shinshina hannunsa. Ya lasa yatsa.

"Anti Dinatu," in ji shi, "kin cika citta."

Sannan Iliyasu ya buɗe ido ɗaya, domin ɗayan ya riga ya fara kumbura, da ɗan yanka a gira kamar jinjirin wata. Ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa: "NA SAMU?"

Bebi ta dube shi, ta dubi kula a kife. Ta share hawaye da bayan hannu, ta ɗauko jakarta daga ƙasa ta fara ɗirka masa. Da ƙyar Hajiya Mubina ta riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya.

Aka ciro masa auduga, aka zaunar da shi. Madubin araha ya rabu biyu, rabi a tebur, rabi a cikin ciyawa. Mai jar riga ya ɗauki nasa madubin ya hango takardar Iliyasu: fes take, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Sai wani Bature da ke can gefe, wanda tun safe yake jera harbinsa a wuri ɗaya saboda gasar da zai shiga, ya taso yana nuna fili da hannu yana faɗa. Harsashin Iliyasu ya karya ƙafar katakon da ke riƙe da tasa takardar, ta kife a ƙasa.

"Ta faɗi ko?" Iliyasu ya yi zumbur. "Na gaya muku! Harbi ɗaya!"

"Ba taka ba ce, Iliyasu," in ji Alhaji Ma'aruf a gajiye.

"Alhaji, ita barewar tawa ce kafin in harbe ta?"

Anti Dinatu ta ɗauki kularta ta zazzage sauran ƙanƙarar. Ba ta yi dariya ba.

"Zoɓona ya tafi, na yafe. Naman mutane fa?"

"Anti, kin dai ga ƙarfin bindigar da idonki."

"Mun gani," in ji Sylvanus yana manna masa filasta. "Harbi ɗaya ta ka da ƙato. Shawarata, in ka shiga daji ka juya ta, ka ba barewa gindin, kai ka tsaya a gefe."

Har Baturen da aka karya wa katako sai da ya tambayi abin da aka ce, da aka fassara masa ya zauna a ƙasa don dariya. Mai jar riga ya roƙe su cikin ladabi su tattara su tafi, kuma in za su dawo, su bar na farin kayan a gida.

Washegari Anti Dinatu ta tasa Iliyasu a gaba har McLeansville. Raguna kam an sayar tuni. Abin da ya rage wa manomin wani tsohon bunsuru ne mai gemu, wanda ko 'yan'uwansa ba sa zama kusa da shi. A motar Iliyasu aka ɗauko shi, a kujerar baya, kansa a tsakanin kujerun gaba yana huci a kunnen direba. Aka cike da kaji. Ranar taro an dafa bunsurun tun safe har la'asar bai yi laushi ba, mutane suna tauna suna kallon Iliyasu, shi kuma yana gefe da baƙin tabarau yana fifita gawayi.

Can wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne Abubakar Sadiq daga Kano. Iliyasu ya ja gefe, amma da yake ba ya iya magana a hankali, duk wurin ana ji.

"Yaya, an ce ka ji ciwo a ido?"

"Ƙaramin abu ne. Ka san barewar Amurka ba irin tamu ba ce, ta kai saniya. Ina cikin daji ni kaɗai, na auna ta, sai namijin ya fito ta bayana da ƙaho kamar reshen kuka. Muka kama kokawa. Ya kai ni ƙasa, na kai shi ƙasa. In ka ga jinin da ya zuba a wurin, sai ka yi kuka."

"Ikon Allah," in ji Abubakar Sadiq. A bayansa ana jin mutane suna ƙyaƙyatawa, har da muryar mahaifiyarsu. "To Yaya, ga Inna tana tambaya. Ta ce a hoton da Hajiya Mubina ta turo, barewar shuɗiya ce, kuma tana da murfi."